Wa'azin Alherin Allah a Gidan Makoki: Abin da Aikin Ziyara Ya Koya Mini

Yanzu da nake miƙa aikin ziyarar ikkilisiya ga na baya, ga abin da nake so su riƙe, musamman ɗaliban makarantun tauhidi na TCNN Bukuru da JETS da ake turowa koyon aiki a cikin Jos. A aji an koya musu cewa Allah mai girma ne, nagari ne kuma. Gaskiya ne. Abin da ba a cika koyarwa ba shi ne ranar da kowace magana take shiga kunne.

Babu kuskuren da ya kai karanta Romawa 8:28 a ranar farko ta rasuwa ɓarna. Ayar ba ta da laifi. Amma matar da gawar mijinta take mutuware, in ka ce mata kome yana aiki domin alheri, abin da za ta ji shi ne mutuwarsa alheri ce, kukanta kuwa rashin bangaskiya ne. Za ta share hawaye don kunyar fasto, ta ce amin, bayan wata biyu a neme ta a sujada a rasa. A garin da rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya bar gwauraye da marayu, abin ya fi zafi, domin sau da yawa hannun mutum ne ya yi kisan.

Ranar farko ta zama ce. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai ba su ce uffan ba, sai da suka buɗe baki suka ɓata, har Allah ya tsawata musu a sura 42. Ka ce "sannu da haƙuri, Mama", ka samu wuri wajen maza, ka bar Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikkilisiya, da cikin gida. Addu'a kada ta wuce minti uku. In an ce ka karanta wani abu, ga Yohanna 11:35, inda Yesu ya yi kuka alhali ya san zai ta da Li'azaru. Ga kuma Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba ta'aziyya ko ɗaya, kuma ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba.

Ranar jana'iza ta girman Allah ce: Ishaya 40 ko 1 Korantiyawa 15, minti 15 ya isa, don mutane suna tsaye a rana. A nan wasu manyanmu suke kwafsawa. Sai a kwashe awa guda ana gaishe da 'yan siyasa, ana ba da tarihin ginin majami'a, iyalin mamaci na zaune kamar baƙi. Ƙaramin ma'aikaci ya ce a rage, a ce ba shi da ladabi, wani lokaci har a tura shi ƙauye. Daga ranar kuma ba a sake ganin motar babban a ƙofar gidan. Sun san kansu.

Maganar alherin Allah sai an kwashe rumfa da kujeru, dangi sun watse, wajen mako na uku. A fara da Littafin Makoki 3:22-23, domin a kan kangon Urushalima aka faɗe ta. In za a koma Romawa 8, a soma daga aya 26, inda Ruhu yake nishi dominmu, a kai har 39. A lura kuma da Farawa 50:20: Yusufu ne da bakinsa ya ce Allah ya nufi alheri, kusan shekara 40 bayan an sayar da shi. Ba wani ne ya faɗa masa yana cikin rami ba.

Sauran gajeru ne. Kada ka ce "Allah ya fi mu son sa" a gaban yara, za su ɗauka ƙaunar Allah ce take kashe mutane. Ka rubuta ranar rasuwar, ka koma in shekara ta zagayo. Ka tambayi kuɗin makarantar yara kafin watan Satumba. Baikon da aka tara wa gwauruwa a damƙa mata a hannunta gaban dattawa biyu, a rubuta adadin, kada a bi ta hannun dangin miji.