Gwamna ba ya buɗe iyaka

Albasar Galmi nake kaiwa Sakkwato daga nan Tawa, ta Kwanni da Illela, kuma a wannan hanya na koyi yadda Najeriya ta raba iko. Mu a Nijar mun saba da igiya guda: Yamai ke naɗa gwamna, ita ke naɗa prefe, wato shugaban gunduma. Can kuwa jama'a ke zaɓen gwamna a jihohi 36, kowanne da majalisar dokokinsa da kasafin kuɗinsa.

Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, kayana na jibge a rumbu, ta ƙasa ta fara ruwa, ta sama ta fara tsiro, na kira mai masaukina. Na ce, "Alhaji, ku da gwamnanku ke da wannan ƙarfi, ba za ku je ku roƙe shi ba?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, makullin ƙofar nan yana Abuja." Haka ne kuwa. Tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa tarayya kwastan, da shige da fice, da soja, da buga kuɗi. Sai a Disambar 2020 aka buɗe Illela, da umarnin Abuja. Abin da ya fi ɗaure mini kai 'yan sanda ne: gwamna kan saya musu motocin sintiri, amma kwamishinansu na jiha umarnin Sufeto Janar na Abuja yake bi. A ganina wannan gyara yake so, mai gida bai kamata ya rasa iko da mai gadi ba.

Da na nemi fili in gina wurin ajiya, sai labari ya juya. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, takardar mallakar fili a birni daga ofishin jiha take fitowa, Abuja ba ruwanta. Shari'ar Musulunci ma haka: Zamfara ta fara aiki da ita a 2000, Sakkwato ta biyo baya, Legas kuwa ko kusa.

Kuɗin rumfa a kasuwa na ƙaramar hukuma ne. Shi ya sa duk wanda ya miƙo mini rasit a hanya, kafin in sa hannu a aljihu sai na duba kan takardar in ga na wa ne, na tarayya, na jiha ko na ƙaramar hukuma. Rasit ɗin da ba shi da kai kuwa, da murmushi nake tambayar mai shi sunan ofishinsa.