Garkuwa a wasan zombi: abin da na gani a shagona na Samaru

Shagon gem nake da shi a Samaru, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Na'urorin wasa na PS4 uku ne, da tsohuwar PS3 ɗaya, da kwamfuta a lungu. Ƙwallo ce ke biyan kuɗin haya da man janareta. Amma bayan isha'i, idan 'yan ƙwallo sun watse, sai masu wasan zombi su shigo, wato wasannin gawarwakin nan da ke tashi suna bin mutane da cizo. Su suka fi daɗewa a kujera, su kuma suka fi gardama. Wadda ta fi daɗewa a tsakaninsu ita ce: ya dace a ba ɗan wasa damar tare duka ko riƙe garkuwa, ko a bar shi da gudu da gociya kawai?

Akwai wani ɗalibi da ba ya zama ko'ina sai gaban kwamfuta, wasansa Project Zomboid. A wannan wasan babu garkuwa, babu tare duka. Iyakarka ka ture gawar ta ja baya ko ta faɗi, ka samu sararin kai mata sara. Idan ta cije ka kuwa, magana ta ƙare, babu magani. Ya kan ce mini, "Oga, gawa ba duka take kawowa ba, rungumarka take yi. Me za ka tare?" A ganinsa, ranar da aka ba ka maɓallin da za ka danna ka tsira, ranar tsoro ya fita daga wasan.

Na zauna na buga da kaina, na kuma fahimce shi. Mutum yana lallaɓawa cikin gidan da ba nasa ba, ya ji ana buga taga, gumi ya keto masa alhali fanka na juyawa. Wannan faɗuwar gaban ita suke biya.

Sai dai ni mai shago ne, ina ganin abin da shi ba ya gani. Wani yaro ɗan koyon kanikanci yana zuwa daga wajen Kwangila, bai wuce shekara 15 ba, da kuɗin rabin awa a dunƙule a hannu, duk baƙin mai. Ranar farko abokansa suka zuga shi ya hau kwamfutar. Kafin minti goma an cinye shi sau uku. Bai ce komai ba, ya tashi ya tsaya bayan masu ƙwallo har lokacinsa ya ƙare. Abin ya tsaya mini a rai, don na san guminsa ne ya ba ni.

Da ya dawo na sa masa Resident Evil 4, sabon da kamfanin Capcom ya sake fitarwa a 2023. Na asalin na 2005 ne, kuma cikin abubuwan da aka ƙara wa sabon akwai tare sara da wuƙa. Na nuna masa L1, maɓallin tarewa a hannun gem ɗin, na ce, "Kada ka yi ta dannawa, jira sai mutumin ya ɗaga gatarin." Sau biyu ya makara. Na uku ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, mutumin ya yi taga-taga, yaron ya miƙe tsaye da hannun gem ɗin yana ihu. Ya ci gaba da tarewa, ya manta cewa wuƙar tana cinyewa da kowane sara. Can sai na ji, "Oga, ta karye!" Ga mutanen ƙauyen da ke cikin wasan sun yi masa ƙawanya, harsashi saura kaɗan. Tsoron da ɗalibin ke cewa zai tafi, ga shi nan a fuskar yaron, har ya fi na farko, don yanzu ya san abin da ya rasa.

Ɗalibin bai yarda ba, kuma yana da hujja. Ya ce waɗannan ai ba gawarwaki ba ne, mutanen wani ƙauye ne a Sifen da ƙwayar cuta ta shiga jikinsu, suna riƙe da gatari da lauje, dole a samu abin tarewa. Gaskiya ne. Shi ya sa ma Dying Light 2 na 2022, wanda faɗa da mutane masu makami ya yi yawa a cikinsa, ya zo da tare duka. Dead Island 2 kuwa zaɓi ya bayar, ko tarewa ko gociya.

Ni dai inda na tsaya shi ne a sa garkuwa, amma kada ta zama kyauta. Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san hannu ɗaya ne ake ɗaurewa, ɗayan shi ne garkuwa, a buɗe a gaba, ana auna tazara da shi, ana ture abokin karawa. Ba wanda ya taɓa kashe ɗan dambe da garkuwa, kuma wanda ya laɓe a bayanta kawai zai sha ƙasa. Haka nake so a wasa: ta gajiyar da hannu, ta hana ka riƙe babbar bindiga, ta tare ɗaya ko biyu amma ta kasa idan goma suka danno.

Wadda ta fi burge ni har yau tana cikin tsohuwar PS3, a sashen zombi na Call of Duty: Black Ops II na 2012. Sai ka yi yawo ka nemo ƙofar mota da ƙarfen turin kaya, ka haɗa su da kanka. Idan ka rataya ta a baya tana kare ka daga masu zuwa ta baya, idan ta sha duka da yawa ta farfashe, ka koma ka ɗauko wata. Wannan hankali ya ɗauka. Da a ce abin zai faru a kasuwar Sabon Gari, ba wanda zai tsaya hannu rabbana, wani marfin tukunya zai sura, wani guntun kwano.

Ni ma tare dukan nan ba kyauta yake zo mini ba. Tun da yaran suka koya, L1 ne ke fara mutuwa a hannayen gem ɗin, gaban sandar juyawa ma. Ranar Asabar da safe nake kwance su a kan tabarma, in goge da auduga da sifirit, in canja wanda ya saki. Na makon jiya biyu ne. Ɗaya na san mai shi, don baƙin mai ya shige har cikin tsagar maɓallin, sai da na sa tsinken sakace na fito da shi.