Gwangwanin tare mai bisa inji, da maganar garanti

Tun da masu Hilux sunka fara kallon bidiyon gyaran mota a waya, kusan kowa ya shigo garajinmu nan Tawa sai ya taɓo min zancen gwangwanin nan da ake liƙa ma inji don ya tare raɓar man inji kar ta koma cikin iskar da yake sha, wanda wasu ke ce ma dekante. Wani ma da abinshi yake zuwa cikin leda, an aiko mishi daga Dubai ko ya sawo Yamai, ya aza bisa kapo ya ce maigida sa min. Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne, motar nan da sauran garanti ko babu? Don amsar da zan ba mai tsohuwar mota da ta sha duniya kahin ta sauka tashar Kwatano daban, wadda zan ba mai sabuwa dal da ledarta bisa kujeru daban.

Aikin abin ba wani asiri ba ne. Duk inji in shina aiki, wani ɗan hayaƙi na sulalewa ta gehen segma, wato zobban fisto, ya gangara cikin karter inda man inji ke kwance, ko sabon inji ne sai ya yi, tsoho dai ya hi yi. Hayaƙin nan dole a ba shi hanyar hita, in ba haka ba ya kumbura karter ya turo mai ta duk inda ya samu rauni. Manyan motocin da, irin waɗanda munka koyi aiki bisa su, wani tiyo ne kawai ke leƙe ƙasa shina ta huci yana ɗiga bisa hanya. To daga baya anka hana, jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara tilasta ma sabbin motoci su maida hayaƙin cikin inji a sake ƙone shi tun 1961, sauran duniya sunka bi. Shi ne reniflar da muka sani yau, tiyon da ke tasowa daga murhin kulas, wato saman inji, ya koma bututun iska, a motocin turbo kahin iskar ta shiga turbo. Matsalar ita ce hayaƙin ba shi kaɗai yake tahiya ba, shina ɗauke da raɓar mai, ita ce kake gani in ka cire durit ɗin intakula, mai sanyaya iskar turbo, ka sa yatsa ka ji santsi. Gwangwanin tsakiyar tiyon nan ake sa shi, man ya taru ƙasa, iskar ta wuce.

Man kaɗai bai cika ɓarna ba, sai ya gamu da EGR. Injunan gazuwal na yanzu suna maido wani kashi na hayaƙin salansa cikin iskar da inji ke sha, shi ake ce ma EGR, hayaƙin kuwa baƙar toka ce busassa, in ta haɗu da raɓar man nan sai su kwaɓe su manne. Wanda bai taɓa kwance kolekte, bututun da ke raba iska ga silinda, na motar da ta yi kilomita mai yawa ba ba zai gane ba. Ramin da ya kamata yatsu uku su shiga sai ka tarar da ƙyar ɗaya ke wucewa, abin baƙi ƙirin mai danƙo kamar daddawa, yaro ya wuni da turnabis da gazuwal shina kankara, hannunshi kuwa sai ya kwana biyu bai hita ba. Motocin porje sun hi kowa shan wanga wahala, don direba na iya barin inji kunne da kilim awa biyu ƙohwar buro shina jiran patron, ga zahin watan huɗu da na biyar ya haura 40 ba ka ganin laihinshi, amma inji a ralanti, kunne mota na tsaye, toka yake tarawa. Masu esansi ma da ke hesa mai kai tsaye cikin silinda suna da irin tasu, tunda esansin ba ya bi ta bayan supap balle ya wanke su. Don haka ni ban cikin masu cewa gwangwanin ƙarya ne, in mai kyau ne kuma an sa shi daidai shina rage ƙazantar sosai, na gani da idona.

Amma mai Land Cruiser 1HZ ko Hilux mai injin 5L, yawancin waɗanda ke hannunmu ba turbo ba EGR, in ka zo min da zancen sai in ce ka riƙe kuɗɗinka ka sayi filtar iska ta ƙwarai.

Sai kuma irin gwangwanayen da ke yawo kasuwa. Akwai na kirki, kamar ProVent 200 na kamfanin Mann+Hummel na Jamus, shi cikinshi da filta ta gaske da ake canzawa, da wani ɗan bawul da ke buɗewa in iska ta matse, bakinshi kuma da faɗi. Akwai kuma masu ƙyalƙyali ja ko shuɗi da sunka hi araha, ka buɗe ka tarar wayam, ba komi ciki, ga bakinsu tsukakke bai kai rabin tiyon asali ba. Nan ne ɓarnar take. An taɓa kawo muna wata pikap daga hanyar Abalak, ƙarƙashinta duk ya jiƙe da mai tsakanin inji da bwat, joji, sandar auna mai, ma ya ɗan ɗago daga ramin shi. Mai ita ya rantse segma ne sun mutu. Da munka duba sai ga gwangwani ɗaure da waya bayan batir, an rage tiyon da wani ƙaramin tiyon ruwa, zahi ya tausasa shi ya lanƙwashe ya toshe hanya gaba ɗaya. Hayaƙin ya rasa mahita ya hasa juwan ɗin bayan bilbireke, robar da ke tare mai tsakanin inji da bwat. Juwan ɗin kanshi ba tsada, amma sai an sauke bwat kahin a kai gare shi, aikin yini guda cur. Kuma in gwangwani ya cika ba a zubar ba, turbo na iya zuƙe man gaba ɗaya lokaci guda, injin gazuwal kuwa shina ƙona man inji kamar yadda yake ƙona gazuwal, sai ya ɗauki gudu da kanshi, ka kashe kontak ya ƙi mutuwa.

To yanzu ka ɗauka wagga pikap sabuwa ce da garanti. Wa zai biya?

Nan ne na hi koyon abu, kuma ba wajen inji na koye shi ba, wajen takarda ne. Sabuwar mota irin wagga yawanci garantinta shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Mutanenmu da yawa sun ɗauka garanti alkawali ne cewa komi ya lalace za a gyara kyauta, alhali abin da ya ruhe shi ne aibin da ya taho daga ƙera motar, kuma da sharaɗi, ka yi bidanji kan lokaci, a buga maka hatimi cikin karne, kar ka canza ma motar wani abu da ba a yarda ba. Ɗan littahin nan shina cikin bwat-a-gan ɗin kowa da ledarshi, ba mai buɗewa, da Faransanci ne kuma da ƙananan baƙaƙe.

Wani Alhaji mai fataucin albasa, ya girme ni nesa, ya kawo min motarshi sabuwa mai injin 2.4, ko wata shida ba ta yi ba. Ɗanshi ne ya sawo gwangwanin, yaron ya yi karatu, ya buɗe waya ya nuna min cewa doka ta hana kamfani soke garanti don ka sa wani abu. Na ce mishi ƙanena gaskiyarka, akwai dokar, sunanta Magnuson-Moss, ta 1975, ta hana kamfani ya ce sai kayanshi kaɗai za ka sa in kana son garanti, kuma in zai ƙi gyara maka sai ya nuna abin da ka sa ne ya jawo ɓarnar. Amma dokar Amurka ce, a can take aiki. Motar Alhaji Yamai anka saye ta, abin da ke tsakaninshi da masu sayarwa shi ne takardar da ya sa ma hannu. Alhaji ya ce to ai rigakahi ya hi magani, na ce Alhaji haka ne, amma rigakahin da ka riga ka biya kuɗɗinshi shi ne garantin, ƙazantar kolekte kuwa ba ta kashe inji cikin shekara uku, in ta taru wankewa ake yi. Inji ko turbo in ya tahi babu garanti, wanga kuɗɗi ne na miliyoyi.

Ko can Amurkar ma abin ba kamar yadda ake faɗi ba ne. Eh garantin bai mutuwa duka, in rediyo ko kilim ya lalace ba ruwan gwangwani. Amma in turbo ne ko juwan ko inji ya fara shan mai, ga tiyon reniflar an yanke an sa wani abu, ai hujja ta samu, sai dai a shiga ja-in-ja. Mu nan kuwa ka lissafa, mota ta lalace Tawa, sai ka ɗora ta bisa wata ka bi ta Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso har Yamai, sama da kilomita 500, ta zauna can ana rubuce-rubuce ana jiran amsa, kai kuwa albasarka na jira gona. Ko ka yi nasara daga ƙarshe ka sha asara. Kuma in na faɗi gaskiya ban ganin laihin makanikan can sosai, in ni ne zaune wurinsu aka kawo min injin da ban san wa ya taɓa shi ba, ban san girman tiyon da anka sa ba, ban san ko an taɓa barin shi ya cika ba, ni ma ba zan sa hannu kamfani ya biya ba.

Akwai masu dabarar cewa a sa, in za a kai rebiziyo wajen masu sayarwa a cire a maida tiyon asali. Ni ban yin wagga. Na ɗaya ha'inci ne, na biyu ba ya ɓoyuwa, koliye na barin sawu bisa roba, ga ramin da anka huda don maƙala shi, ga wurin ya yi tsabta kusa da inda ƙura ta kwanta, duk makaniken da ya san aikinshi kallo ɗaya zai yi. Ranar da mota ta mutu bisa hanyar Agadas kuma ba ka da lokacin ɓoye komi.

Abin da yara na garaji ba su ganewa da wuri, kullum ina nanata musu, shi ne in ka taɓa motar da ke da garanti to ka ɗauke garantin daga kan kamfani ka aza bisa kanka. Ranar da anka ƙi gyara ma mai mota ba zai tuna shi ya kawo abin cikin leda ya matsa ba, abin da zai faɗa cikin gari shi ne wane ya ɓata min inji, garin nan kuwa ƙarami ne, kahin la'asar labari ya kai tasha. Kamfani na da lauya da takardu, kai kile da sunanka kawai gare ka. Don haka mai sabuwar mota in ya nace, sai in ce ya je wurin da ya saye ta ya tambaya, in sun yarda su rubuta su buga hatimi, ko ma su sa mishi da hannunsu ya hito cikin faktir. Maganar baki ta wani ma'aikaci cewa ba komi ba ta da amfani, gobe an canza mishi wurin aiki. Alhajin nan bai ma je ba, gwangwanin ya koma cikin kwalinshi, munka yi da shi sai garanti ya ƙare, lokacin in buɗe kolekte mu gani in akwai buƙata.

Wadda garantinta ya ƙare ko ba ta taɓa samu ba, wato kusan duk motocin da ke shigowa garajin, ina sawa, amma sai na san wa ke tuƙa ta. In mai ita ne da kanshi, ko direba ɗaya tsayayye da na sani shina buɗe kapo da sahe, to. In motar da direbobi ke karɓa-karɓa ce yau wanga gobe wancan, ba na sawa ko an biya ni, don abin na son mai zubarwa, kuma abin da kowa ke da alhakinshi ba mai yin shi. Tiyo sai mai jure mai da zahi, faɗinshi daidai da na asali ko ya hi, ba lanƙwasa, nesa da salansa, a maƙala shi da bulo bisa ƙarhe ba da waya ba don hanyoyinmu na girgiza komi ya kwance. Kuma a maida iskar cikin bututun inji yadda take, masu barin bakin a buɗe ga iska da ɗan ƙaramin filta bisa kai, nan ƙasar lokacin hunturu ƙura kawai suke gayyata. Farkon sawa ina cewa a dawo bayan kilomita 1,000 mu ga yawan abin da ya tara, don kowane inji da halinshi, daga nan sai a haɗa zubarwar da bidanji, kowane 5,000. In na ga shina cika da sauri hiye da kima to ba gwangwani ne maganin ba, segma ko silinda ne ke magana, sai a auna kompireso, wato ƙarhin matsin cikin silinda.

Abin da ke hitowa ciki kuma kar a maida shi cikin inji, na ga masu yin haka wai kar a yi asarar mai. A irin gwangwanin da ake zubarwa da hannu abin ya daɗe kwance, ya haɗu da ruwa da toka da ɗan gazuwal, wani lokaci har kumfa-kumfa yake yi mai ruwan ƙasa, mu cikin duron tsohon man bidanji muke juye shi.