Mitar Gudu Bayan An Canza Akwatin Giya

A cikin 'yan uwanmu Hausawa da ke neman abinci da tsofaffin motoci tsakanin Jidda da Makka, da wuya a sami wanda ya daɗe da Hilux ko HiAce bai taɓa zuwa tashlih na Biriman, wato kasuwar kayan rusassun motoci da ke Jidda, ya sayo akwatin giya ba, domin sabo ya fi ƙarfin aljihu, na hannu kuwa idan an dace yakan kai mutum shekaru. A wurin ciniki ana duba mai, a juya sanda a ji ko giya tana shiga, amma ba kasafai ake tuna mitar gudu ba sai bayan an ɗaura an hau titi. A nan ne wani zai ga allura kwance a kan sifiri, wani kuma ya ga tana tashi lafiya lau, ya ɗauka aiki ya kammala. A ganina na biyun ya fi shiga haɗari, domin mai matacciyar mita ya san ba shi da mita, yana kuma taka-tsantsan, alhali shi wannan yana tafiya ne da shaidar zur a gabansa, a ƙasar da kyamarorin Sahir masu kama gudu suke bakin hanya tun 2010, tara kuma tana iso mutum ta saƙon waya kafin ya sauke kaya.

Mita ba ta san gudun mota ba, juyi kawai take ƙirgawa. A wutsiyar akwatin giya, kan sandar da ke fita zuwa farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, akwai wani zobe mai murɗaɗɗun haƙora, shi ne yake juya wata 'yar ƙaramar giya ta roba da ke cikin rami a gefen akwatin. A tsofaffin motoci kebul ne yake ɗaukar wannan juyi ya kai shi bayan agogo, wato fuskar mitar da ke gaban direba, kuma ƙa'idar motocin Japan ita ce kebul ya juya sau 637 a kowace kilomita, wato sau 637 a minti ɗaya idan ana gudun 60. Daga baya aka sa sensa a gurbin kebul, tana aika bugun lantarki huɗu a kowane juyi a yawancin motocin Toyota na wancan zamani. Tun da zoben yana kan sandar fita ne, ko ana giya ta uku ko ta biyar lissafin bai canza ba. Abin da yake canza shi shi ne difarenshal, wato giyar da ke rage juyin farfela kafin ya isa tayoyi, da girman taya, saboda haka kamfani yake zaɓar yawan haƙoran 'yar giyar nan gwargwadon motar da aka ƙera akwatin dominta, ba gwargwadon motar da za a ɗaura shi a kai bayan shekara ashirin ba.

Tawa motar mai kebul ce, akwatin da na samo kuwa na sensa ne. Makanikin da yake yi mini aiki, wani dattijo Bakano da aka haifa a Makka, ya kwance ƙusa ɗaya, ya zaro sensar ya haska fitila cikin ramin, ya ce, “Zo ka duba, ɗana. Zoben yana nan, sauran mai sauƙi ne.” Na ce, “Baba, da babu shi fa?” Ya ce da sai dai a sake sauke akwatin a buɗe wutsiya, domin akwatunan motocin da suke ɗaukar gudu daga sensar birkin ABS wani lokaci sukan zo da rami a toshe, sanda kuma sumul ba zobe. Wannan abu ne da ya kamata mai saye ya duba tun akwatin yana ƙasa a wurin mai sayarwa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ciro 'yar giyar da hannun rigarta, wato bututun da take zaune a ciki, daga tsohon akwati a mayar cikin sabo, shi ya sa bai kamata a bar tsohon ya tafi wurin masu gwangwan ba sai an cire ta. Tawa ba ta moru ba, domin lokacin da boris ɗin tsohon akwatin ya watse ya cinye haƙoranta har ba a iya ƙirga su. Sai muka yi amfani da wadda ta zo da sabon akwatin, muka haɗa kebul, allura ta tashi. A kan titin Makka na buɗe manhajar GPS a waya, na riƙe gudu daidai, sai ga waya tana nuna 100 mita tana nuna 90. Ma'ana, duk lokacin da na ga 120 a gabana, gudun gaskiya ya haura 133.

Da muka bi diddigi, dalilin bai ɓuya ba. Difarenshal ɗin motata 4.10 ne, akwatin kuwa ya fito daga mota mai 4.56, wadda farfelarta take juyawa fiye da tawa a kowace kilomita, saboda haka aka ba ta 'yar giya mai haƙora 20 don ta rage juyin. Lissafin gyaran bai da wuya: a ninka haƙoran da ke ciki da abin da mita ta nuna, a raba da gudun gaskiya. Ashirin sau 90, a raba da 100, ya ba da 18. Idan mita tana ƙari ne, amsar za ta fito da haƙora fiye da na ciki. Sai dai ba kowace mai haƙora 18 ce take zama ba, dole murɗin haƙoranta ya dace da zoben da ke kan sanda, in ba haka ba za ta yi aiki na ɗan lokaci sannan zoben ya aske ta, ɓarɓashin roba ya zube cikin mai. Baba ya shafa mata man giya, ya tura ta a hankali yana juya farfela da hannu har ya ji ta zauna, ya kuma sa sabuwar robar hana yoyo, domin tsohuwa ce take barin mai ya bi kebul ya hau sama.

Wanda allurarsa ba ta motsi ko kaɗan, kada ya yi saurin zargin agogo. A kwance kebul daga ƙasa, a kama bakinsa mai kusurwa huɗu da na'urar huda, a juya, idan bai motsa ba a juya ta ɗaya ɓangaren. In allura ta tashi, agogo da kebul lafiyarsu ƙalau, matsalar tana cikin akwati. A motar sensa kuma a fara ƙirga wayoyi. Mai waya uku tana bukatar wutar batir da as, wato wayar da ake haɗawa da jikin mota, da wayar saƙo, mai waya biyu ita take samar da 'yar wutarta da kanta, kuma agogon da aka yi don ɗaya ba ya fahimtar ɗayar sai an sa akwatin da ke sauya saƙon a tsakani. A mota mai jan ƙafa huɗu, a akwatin raba ƙarfi ake neman ramin.

Akwai masu cewa waya ta wadatar, a bar mitar kawai. Ban yarda da wannan ba, musamman a motar da ke da kwamfuta, domin ita ma tana amfani da saƙon gudu: rashinsa yakan kunna fitilar inji da lambar P0500, a mota mai giya otomatik kuma yakan dagula canjin giya. Ƙirgen kilomita ma daga wuri ɗaya yake fitowa, kuma mitar da ke rage kashi goma cikin ɗari tana sa a wuce lokacin canza mai ba a sani ba. Bayan mun sa mai haƙora 18, waya tana nuna 100 mita tana nuna 102, na bar ta haka, da niyyar sake gwadawa ranar da na canza tayoyi, domin taya mai tsayi ita ma tana rage abin da allura take nunawa.