Otis Redding da tsohon gidan siliman Memphis

A matsayin direba mawaƙin Amurka Otis Redding ya fara taka kamfanin faifan waƙa na Stax. A 1962 ya tuƙo makaɗin jita Johnny Jenkins daga Macon ta jihar Jojiya zuwa Memphis don a ɗauki kiɗan Jenkins, ya shigar da kaya, ya koma gefe. Aikin Jenkins bai yi armashi ba, ga sauran lokaci, sai aka ce direban ya gwada. Waƙar farko kwaikwayon mawaƙi Little Richard ce, mai kamfanin Jim Stewart ko gezau. Ta biyu, "These Arms of Mine", ita ta buɗe masa ƙofa. Daga ranar zuwa rasuwarsa shekara biyar ce kacal.

An haife shi ranar 9 ga Satumba 1941 a garin Dawson, ya tashi a Macon yana waƙa a coci. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 15 don ya tallafi gida, kuma ya taɓa lashe gasar waƙa ta gidan wasa na Douglass mako 15 a jere, kowane mako dala biyar.

Amma wanda ke son ya gane kiɗansa, ɗakin da aka ɗauke shi zai fara dubawa. Sutudiyon Stax tsohon gidan silima ne a titin McLemore. An kwashe kujerun, daɓen kuwa aka bar shi da gangarensa, kuma wannan karkacewa da girman ɗakin suka ba sautin kauri. Kowa tare yake kiɗa: Booker T. Jones a ogan, Steve Cropper a jita, Duck Dunn a jitar bes, Al Jackson a ganga, masu busa a tsaye kusa. Mutum ɗaya ya yi kuskure, kowa ya koma farko. Ba takardar kiɗa a gaban kowa. Otis zai je gaban Wayne Jackson mai kakaki da abokan busarsa, ya rera musu da baki abin da yake so, su maimaita har ya zauna. Shi ya sa da wuya ka ji 'yan amshi a faifansa. Masu busa ne ke amsa masa.

Saurari "Try a Little Tenderness" ta 1966, tsohuwar waƙa ce tun 1932 da ya sake wa riga. Masu busa ke buɗewa a hankali kamar taken coci. Baiti na farko kusan murya ce zalla da ɗan jita. A na biyu Al Jackson ya shigo, ba da duka ba, yana ƙwanƙwasa bakin ganga, tak, tak, tak, kamar agogon bango. Ogan da fiyano su biyo, bes ya ƙara nauyi, kowane zagaye a ɗora abu guda. Sai can kusa da ƙarshe ake sakin ganga gaba ɗaya, Otis ya daina kammala kalmomi, ya koma sara gaɓoɓi kamar shi ma ganga ne. Duka bai kai minti huɗu ba. Inda masu kwaikwayo ke faɗuwa shi ne gaggawa: su fara ihu tun baiti na farko, in an zo wurin hawa babu sauran inda za a hau.

Kundin Otis Blue na 1965 ma haka aka yi shi. Waƙa 10 cikin 11 an ɗauke su cikin awa 24 a watan Yuli, har da hutun da aka yi don makaɗan su je wasan dare a kulob su dawo. Uku na Sam Cooke ne, wanda aka harbe a Disambar 1964. A ciki "Respect" take, wadda Aretha Franklin ta ɗauka a 1967 ta mayar tata. A ganina nan ya kamata sabon mai sauraro ya fara.

A Yunin 1967 ya girgiza bikin kiɗa na Monterey a Kalifoniya, gaban dubban fararen fata da yawancinsu ba su san shi ba. Bayan nan aka yi masa aiki a maƙogwaro, ya yi makonni ba waƙa. Da ya dawo ya zo da "(Sittin' On) The Dock of the Bay", wadda ya fara rubutawa a wani gidan kan ruwa a Sausalito. Ba ihu, ba sara, sai murya a kwance da fito a ƙarshe. Jim Stewart bai so ta ba, yana ganin ba kiɗan Stax ba ne.

Ranar 10 ga Disamba 1967 jirginsa ƙirar Beechcraft ya faɗa tafkin Monona kusa da Madison a Wisconsin. Shekararsa 26. Huɗu daga yaran ƙungiyar Bar-Kays, masu yi masa kiɗa, sun rasu tare da shi, Ben Cauley mai kakaki kaɗai ya tsira. Cropper ne ya zauna ya ƙarasa haɗa "Dock of the Bay", ya sa ƙarar igiyar ruwa da kukan tsuntsayen teku. Ta fito a Janairun 1968, ta hau lamba ɗaya a Amurka a Maris, karo na farko da waƙar mamaci ta kai nan. A shekarar ce kuma Stewart ya gano cewa yarjejeniyar da ya sa wa hannu a 1965 ta mallaka wa kamfanin Atlantic ainihin faifan Stax da Atlantic ɗin ya rarraba musu, har da na Otis.