Godiya ga waɗanda muka yi sallar layya tare a bakin hanyar Kandi

Assalamu alaikum. Yau kwanana tara da sauka Tawa, kumburin ƙafa ya sace, masu zuwa barka da hanya sun ragu, sai yanzu na samu zama. Akwai mutanen da ke bina bashin godiya, kuma yawancinsu ko sunansu ban riƙe ba, balle lambar waya. Shi ya sa na kawo maganar nan, wataƙila wani ya gani ya kai wa wani.

Shekara uku rabona da yin babbar sallah a gida. Ina Abijan ina 'yar tireda a Ajame, kamar dubban 'yan Adar irina. Bana na ce ko ana ha maza ha mata sai na yanka ragona a gaban Inna. Na aika kuɗi, ƙanena ya sayo shi a kasuwar Badagishiri. Hanyar Burkina kowa ya san halin da take ciki, don haka na biyo ta bakin teku, Akara, Lome, Kwatano, sannan muka miƙe arewa. Lissafina ya nuna zan kwana gida kafin idi. Ranar jajibiri da la'asar, mun bar Paraku da nisa, ba mu kai Kandi ba, kar ɗinmu, wato babbar motar fasinjan da muka hau, ta yi wata ƙara ta mutu a bakin wani ƙauye. Ƙarfen da ya karye sai an koma Paraku, ga shi masu shaguna sun rufe sun tafi shirin sallah.

Kafin godiya, bari in fara da neman gafara. Direba, na ɗaga maka murya a gaban mutane, na faɗi maganar da ba ta dace da mai azumin Arfa ba. Kai ma iyalinka na jiranka. Ka yafe mini don Allah.

Godiyata ta farko ga mutanen ƙauyen nan ce, Bargawa da Dandawa da Fulani. Rana na faɗuwa sai ga yara da bokitin ruwa da kunu, wai liman ya ce a kai wa baƙi su sha ruwa. Aka buɗe wa mata da yara aji biyu na lakwal suka kwana, mu maza muka baje tabarmi a rumfar kasuwa. Mai shagon da ke da faranti mai aiki da hasken rana ya yi ta caja mana wayoyi har dare ya raba, dala ɗaya bai karɓa ba. Allah Ya sa ku gani a mizani.

A daren ne muka san juna. Ashe ƙasa takwas muka kwaso a mota ɗaya: mu 'yan Nijar, 'yan Najeriya masu zuwa Kamba, wani dattijo ɗan Gawo ta Mali, samari biyu 'yan Burkina, Hajiya mai atamfa daga zangon Kumasi, ɗan Senegal mai ɗinki, wata 'yar Kodebuwa da ke aure a Doso, da wata baiwar Allah Kirista 'yar Togo. Zabarmawanmu suna magana da Dandawa ba tafinta, wasu na lallaɓa Faransanci, saura kuwa Hausa ce ta ɗinke mu, ko da yake Hausar Kumasi sai ka kasa kunne sosai.

Da safe aka tafi idi. Kayan sallata suna can gida a wajen tela, rigar jikina kuwa ta sha ƙurar kwana huɗu. Ɗan Senegal ya kwance ƙunshin kaftanin da zai kai Yamai sayarwa, ya ara wa mutum shida, har da ni. Hannun rigar ya wuce yatsuna, amma da ita na tsaya a sahu. Ɗan'uwa, Allah Ya yi wa allurarka albarka.

Maganar rago Hajiyar Kumasi ce ta tayar da ita. Ta ce ita fa ba za ta wuni ranar layya tana cin biskit ba. Aka cire hula aka zagaya, kuma wadda ta fara jefa jika biyar a ciki 'yar Togon nan ce. Da wani ya ce mata ai ba dole, ta ce ita ma yunwar take ji. Sai wani malami cikin 'yan Kamba ya tsayar da mu, ya ce rago ɗaya ba ya zama layyar taron mutanen da suka yi karo-karo, in ana son layya ta inganta, a ba mutum ɗaya kuɗin kyauta ya saya da sunansa, sannan ya ciyar da kowa. Aka miƙa wa dattijon Gawo. Wani Bafulatani ya kawo rago fari mai baƙin kunne, ya rage kuɗi ba a roƙe shi ba, matarsa ta biyo shi da wagashi a ƙwarya. Muka jira liman ya yanka nasa, sannan Baba ya sa wuƙa.

Daga nan fa gardama ta tashi, kowa da yadda ake yi a garinsu. Mu 'yan Nijar muka kafe a kan namu: a buɗe rago a miƙe shi jikin itace biyu da aka gicciya, a kafa shi gefen wuta ya wuni yana shan zafi a hankali, ranar farko kayan ciki kawai ake ci, rabo sai washegari. Ɗan Senegal ya riƙe baki, wai wace irin sallah ce za a ga nama a hana shi. Aka sasanta, aka cire masa cinya ɗaya. Ya yanka albasa kusan rabin kwano, wadda mai shago ya ce ta Galmi ce, na ce to, 'yar garinmu ta taryo ni a hanya. 'Yar Kodebuwa ta fito da acheke da ta ɗauko wa mijinta tsaraba, Hajiya ta ɗora shinkafa da wake tana ce masa wace, muna ce mata ai sunan ma namu ne kuka lanƙwasa. Gaskiya miyar albasar nan ta fi gashinmu karɓuwa, ko da ban faɗa a wurin ba.

Wajen azahar hadari ya haɗo, abin da ba mu sa a lissafi ba, don can damina ta riga tamu sauka. Yaran mota suka kwanto tampol daga saman kar, mu takwas muka riƙe gefe-gefe a kan wutar, hayaƙi na cika mana ido, ruwa na bi ta hannun kaftanin aro har hammata. Samarin Burkina na ta ƙara itace suna dariya. Wutar ba ta mutu ba.

Bayan ruwa ya ɗauke ƙanena ya kira ni ta bidiyo, ya nuna mini ragona a kafe a ƙofar gida, Inna na zaune a gefe tana cewa “ba komai, Allah Ya kawo ka lafiya.” Na zagaya bayan mota na zauna. Baba ɗan Gawo ya biyo ni da kofin shayi, ya miƙo mini, ya zauna kusa da ni, bai ce uffan ba har na shanye. Baba, na gode.

Makaniken da ya baro nasa naman a Paraku, ya hau babur da ƙarfen a ɗaure a baya, ya kwana ƙarƙashin mota da tocila a baki, Allah Ya biya ka. Da asuba injin ya tashi. Muka raba gashin kamar yadda ake yi a gida, aka kai wa liman da mai shago nasu kason, fatar aka bar wa masallaci.

A Malanbil muka watse ba sallamar kirki. A lokacin gadar iyakar Benin da Nijar tana rufe tun 2023, kowa na ta kansa wajen neman kwalekwalen da zai tsallakar da shi kogin Isa, wato kogin Kwara, zuwa Gaya. Ni na bi ta Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni, na shiga Tawa a rana ta uku ta sallah, na tarar Inna ta ɓoye mini haƙarƙari.

Da na kwance jakata sai ga 'yar butar shayi shuɗiya mai lotsattsen murfi, an ɗaure hannunta da waya. Ta Baba ce, a rububin bakin ruwa wani ya cusa ta cikin kayana. Dogo ne, fari, yana da rawani baƙi, ya ce daga Lome ya fito wajen ɗansa. Duk wanda ya san shi a Gawo ko a tashar Yamai, ya gaya masa butarsa na Tawa, na wanke ta na ajiye.