Inda na kai da ɗinkin satin, da maganar siliki da foliyesta

'Yan uwa masu koyon ɗinki barkanmu da ƙoƙari. Kwanakin nan na ajiye atamfa gefe na koma kan yadi mai santsi, ina ɗinka hulunan barci irin wanda ake cewa bonet da rigunan filo, sannan ina so in saka linin a wata doguwar riga ta ƙanwata. Toh tun wajen sayen yadin ne na ga akwai abin da ya kamata mu zauna mu warware shi, don yawancinmu in mun shiga Kwari ko wata kasuwar yadi, duk abin da ke ƙyalli yana zamewa a hannu siliki muke ce masa, mai shago ma haka zai ce miki, kuma ba wai ƙarya yake niyyar yi ba, haka bakin kasuwa ya saba.

Satin ba zare bane, salon saƙa ne. A saƙar yau da kullum zaren tsaye yana hawa kan zaren kwance ɗaya ya shige ƙarƙashin ɗaya, haka har ƙarshe. A satin kuwa zaren zai tsallake huɗu ko fiye kafin ya nutse ƙarƙashin ɗaya, shi yasa fuskar take sumul haske na kwanciya a kai, bayan kuma dusu-dusu ba ƙyalli. Kinga kenan ana iya saƙa satin da siliki, ana iya saƙa shi da foliyesta, har da auduga. Shaddar nan da muke ji da ita auduga ce, amma furannin da ke walƙiya a jikinta da irin wannan saƙar ake fitar da su. Kuma wannan tsallaken zaren shi ne ya sa satin bai da haƙuri, ɗan kaushin farce ko fil mai tsatsa ya kama zare ɗaya shikenan ya ja layi har ƙasa, ba gyara.

Siliki shi kuma zare ne na gaske daga jikin halitta. Wata tsutsa ce da ake kiwo da ganyen bishiyar malberi, tana naɗe kanta da zare guda ɗaya mai tsawon ɗaruruwan mitoci, sai a sa ƙwanson a ruwan zafi a warware, a haɗa da yawa kafin a samu zaren da za a saƙa. Ƙasar Sin ce ke kan gaba a duniya wajen samar da shi, Indiya na biye. Mu ma nan muna da namu tun da can, zaren tsamiya, wanda ake samu daga tsutsar daji da ke yin sheƙa a bishiya, shi ake yi wa manyan riguna aiki da shi, sai dai shi launinsa ƙasa-ƙasa ne ba ya ƙyalli kamar na Sin. In kin duba wahalar da ke ciki kinsan ba zai yiwu a sayar miki da yadin siliki a kuɗin da muke sayen satin na bonet ba.

Foliyesta daga man fetur ake yin sa, dangin robar gorar ruwa ne. Wasu masana biyu ne a Ingila, Whinfield da Dickson, suka fito da shi a 1941. Kusan duk satin da ke hannunmu mu 'yan koyo shi ne, har na amare mai kauri da wanda ake cewa dol fes. Kuma ni ban ga aibunsa ba wallahi, yana da ƙarko, baya saurin yamutsewa, launinsa baya zuba, ya bushe nan da nan. Abin da bana so kawai a saya shi da sunan siliki a kuɗin siliki.

Yadda nake gwadawa yanzu, ina zare 'yan zaruruwa daga bakin ƙyalle in riƙe da almakashi in kai wa ashana, a waje, da kofin ruwa a kusa, ba yara a wajen. Siliki na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, da kin janye wutar zai mutu, tokar kuma baƙa ce tana murƙushewa tsakanin yatsu. Foliyesta kuwa tun kafin wutar ta taɓa shi yake ƙanƙancewa, ya narke, warin roba, ya bar wani ɗan dunƙule mai tauri da ba zai murƙushe ba. Kar ki taɓa shi da zafinsa yana manne wa fata. Ki gwada zaren tsaye daban na kwance daban, saboda akwai yadin da ake haɗa biyun. Duk ƙyallayen satin da ke cikin ledata narkewa suka yi, sai wani tsohon ɗankwali na Hajiyarmu da bakinsa ya riga ya zare, shi kaɗai ya ba da warin gashi, kuma ko a hannu daban yake, ƙyallinsa a kwance yake yana canzawa in kin juya shi, ba farin walƙiya mai kashe ido irin na foliyesta ba.

Dalilin da yasa na damu da sanin nan shi ne guga da wanki da zafin garinmu. Siliki yana shan gumi yana barin jiki ya sha iska, foliyesta kusan baya shan ruwa sam, shi yasa in kika saka linin ɗinsa a rigar da za a sa a watan Afrilu mai rigar zata dafu a ciki. Da hunturu kuma ya dinga manne wa ƙafa yana ƙas-ƙas. Saboda haka rigar ƙanwata na fasa yi mata linin ɗin duka da satin, zan sa auduga mara nauyi daga kafaɗa zuwa ƙugu, satin ɗin daga ƙugu zuwa ƙasa don rigar ta zuba da kyau. Wanki kuwa, siliki baya son bilic ko kaɗan, cinye shi yake, baya son omo mai ƙarfi, ruwan sanyi da ɗan shamfu mai laushi, ba murɗawa, a shanya a inuwa. Foliyesta wannan duk bai dame shi ba, abin da ke kashe shi wuta ce. Dutsen guga na gawayi ko na lantarki da ya yi zafi sosai zai bar masa tabo mai sheƙi ko ya huda shi. Dukansu biyun ta baya nake gogewa, wuta kaɗan, da farin ƙyallen auduga a sama. Masu ɗinka wa maza kuma ga maganar haramcin siliki ga maza a addini, kinga nan ma dole ki san me ke hannunki.

A kan keke kuwa ga abin da ya yi mini aiki. Yanka falle ɗaya nake yi bana ninka yadin, in shimfiɗa tsohon zanin gado a ƙasa don kar ya dinga gudu. Duk gutsattsarin rigar su kalli gefe ɗaya, don in kika juya ɗaya sama ya koma ƙasa haskensu zai bambanta kamar ba yadi ɗaya ba. Sabuwar allura siririya, lamba 9 ko 11, tsohuwa tana jan zare. Fil a cikin bakin da za a ɗinke kawai, saboda hudar bata ɓacewa, haka ma in kika farke ɗinki sawun zai zauna, don haka gara ki fara ɗaurin hannu ki gwada tukunna. In ɗinkin yana tattarewa na ɗan sassauta zaren sama, in sa siririyar takarda a ƙarƙashi in ɗinke tare in yage daga baya.

Bakin yadin shi ne har yanzu muke fama. Yana zarewa kafin ki gama juyawa, ni kuma bani da keken wibin mai rufe bakin yadi. A rigunan filo na yi ɗinki biyu, na farko ta fuska, in rage bakin, in juya in sake bi ta baya ya rufe zaren a ciki, ya fito tsaf. Amma a bonet da yake zagaye ne abin baya kwanciya, kalmasar tana murɗewa a lanƙwasa. Makon nan mai zuwa zan gwada yin sa falle biyu in juya ta ɗan ƙaramin rami inda roba zata shiga. Wadda ta iya siririyar kalmasa a kan zagaye da keken gida dan Allah ta nuna mana yadda take riƙe yadin.